Fatsa a Jan Ruwa: Kamun Kifi Idan Bahar Azrak Ya Kawo

Daga watan Yuni, idan damina ta kankama a tsaunukan Habasha, Bahar Azrak, wato reshen kogin Nilu da ke gangarowa daga can zuwa Sudan, yakan sauya kama. Ruwan da aka saba gani garau sai ya yi ja, ya kwaso kara da itace da kumfa, ya yi ta hawa har ƙarshen Agusta ko farkon Satumba, lokacin da ake kira damira. Masu fatsa da yawa daga Damazin zuwa Singa, Mai-Wurno da Sinnar sukan naɗe zare su ce sai ruwa ya kwanta. Kifin kuwa yana nan. Mazauni kawai ya sauya, kuma sabon mazaunin ya fi kusa da ƙafarka fiye da na rani.

Dalilin a fili yake. Kifi ba ya ɓata ƙarfinsa wajen kokawa da igiyar ruwa in yana da mafaka. Gudun kogi ya fi tsanani a tsakiya da kuma sama-sama, ya fi lafawa a gindi da gefen gaɓa, inda laka da saiwoyi da duwatsu ke rage masa ƙarfi. Abinci ma ta gefe yake shigowa: tana, gara, fara, kwaɗi da duk abin da ruwan sama ya wanko daga gona. Wanda ya dage sai ya wulla dalma, wato nauyin da ke nutsar da ƙugiya, can tsakiyar kogi ya tsallake kifin ne da mita ashirin, sannan ya miƙa zarensa ga kowane reshe da ruwa ya ɗauko.

Kafin ka ɗaura ƙugiya, karanta ruwan

Kafa tsinke a daidai bakin ruwa da zarar ka iso, ka duba shi bayan rabin sa'a. In ruwa ya haye shi, kogi na hawa, kifi zai bi shi cikin ciyawa da gindin bagaruwa da ruwa ya fara ci. In tsinken ya koma tudu, kogi na ja da baya, kifi zai gangaro bakin kwari, wato hor, ya jira abin da ruwan da ke komawa zai kawo masa. Wannan tsinke ya ƙara daraja a 'yan shekarun nan. Tun 2020 da Habasha ta fara tara ruwa a madatsar Nahda, hawa da saukar kogin ba sa bin tsohon lissafin kakanni, lakar da yake kawowa ma ta ragu. Ga kuma ƙofofin madatsar Rusairis da ta Sinnar, waɗanda buɗe su kan ɗaga ruwa ba tare da an ga ko ɗigon hadari ba. Kogunan Dindir da Rahad da ƙananan kwaruruka ne har yanzu ke zuwa da ɗanyen ruwan damina yadda aka san shi.

Gwaji na biyu na duhun ruwa ne. Ɗaura farin murfin roba a sanda ka nutsa shi a hankali har ya ɓace wa idonka. In ya ɓace kafin santimita 10, kifin da ke farauta da ido ya fita daga lissafi, sai masu gashin baki da ke bin ƙamshi: tarwaɗa da ake ce wa garmut, ragon ruwa wato bayad, da ƙurungu wato gargur. In kana ganinsa har santimita 30 ko fiye, tsage da kawara sun dawo cikin wasa, giwan ruwa ma ba a cire rai da shi.

Sai wurin tsayawa. Nemi inda ruwa mai gudu ya haɗu da mai kwanciya. Za ka gane shi da layin kumfa da ɓaraguzan kara da ke tafiya a jere, gefe ɗaya na sauri, ɗayan na jan ƙafa. Ana samun irin wannan layi a bayan hancin gaɓa, a bayan babban dutse ko kututture, a cikin lanƙwasar kogi, da bakin kowane kwari. Kifi na kwance a ɓangaren da ya lafa, kansa na fuskantar ruwa, yana tsinto abin da mai gudun ya jefo. Abincinka ya sauka taku ɗaya ko biyu cikin kwantaccen ɓangaren. Bakin kwari da ke kawo ruwa mai ɗan haske ya fi ko'ina albarka, domin a nan masu ido da masu hanci duk suke taruwa. Shaima kuwa, wato ruwa mai juyawa da ƙarfi, a jefa a gefenta daga tudu, kada a shige ta da jirgi.

Ɗaurin da ke riƙe ƙasa

Babban zare ya zama nailan mai kaurin milimita 0.40 zuwa 0.50. Inda aka san akwai manyan bayad, a ɗauki 0.60. A jan ruwa kifi ba ya ganin zare, saboda haka siririn zare ba ya ƙara maka cizo, tsinkewa kawai yake ƙarawa idan ya gogi saiwa.

Zura dalma mai rami a babban zaren yadda za ta riƙa zamewa, ka bi ta da ɗan dutsen ado ko guntun bututun biro don kada ta daki ƙulli, sannan ka ɗaura ɗan ƙarfen nan mai juyawa da ke hana zare murɗewa. Daga ƙarfen sai guntun zare mai tsawon santimita 30 zuwa 40, wanda bai kai babban kauri ba, misali 0.35 a ƙarƙashin 0.45. Hikimar ita ce in ƙugiya ta maƙale, ita kaɗai za ka rasa. Kada guntun ya wuce rabin mita a ruwa mai ƙarfi, domin abincin zai tashi yana lilo sama da inda tarwaɗa ke shinshina, kuma yana wulwulawa har ya nannaɗe kansa.

Nauyin dalma shi ne abin da ya fi raba mai kamu da mai zaman banza. Fara da giram 30 a kwantaccen gefe. Jefa, ka riƙe zaren da yatsa. In kana jin tana gangarawa tana bugun ƙasa ba tsayawa, ƙara zuwa 50, sannan 80. In 80 ma ba ta zauna ba, wurin ne bai dace ba, matsa ka nemi wani. Dalma mai faɗi ta fi mulmulalliya riƙe laka. A wuri mai saiwoyi inda asara ta zama dole, tsohon fulogin mota ko babban noti a ɗaure da zare mai rauni ya wadatar, kuma ba a kukan rashinsa.

Ƙugiya ga tarwaɗa da bayad, lamba 2/0 zuwa 4/0. Ga ƙurungu mai ƙaramin baki a ƙasan kai, lamba 6 ko 8. Lambobin kwali sukan saɓa daga kamfani zuwa kamfani, don haka gara a duba faɗin bakin ƙugiyar: wajen santimita ɗaya da rabi zuwa biyu ga manya, ƙasa da ɗaya ga ƙanana. Ja tsininta a kan farcen babban yatsa. In ta zame ba ta kama ba, a wasa ta ko a yar. Kowane ƙulli a jiƙa shi da yawu kafin a ja shi tamau, saboda busasshen nailan yana ƙona kansa wajen matsewa, kuma a nan zai tsinke ranar da babban ya zo.

Abinci mai kira daga nesa

Tana ce kan gaba. A soka uku ko huɗu a ƙugiya ɗaya, kowace sau biyu, a bar wutsiyoyi suna motsi. Hantar kaza tana da ƙamshi amma ruwa na wanke ta nan da nan, sai an naɗe ta da zaren ɗinki kamar sau goma. Hanjin kaza ya fi ta juriya. Yankan kawara sabuwa, mai faɗin yatsu biyu da fatarta a jiki, ita ce abincin bayad, musamman daga magariba zuwa sulusin dare. Washegarin daren da shinge ya tashi, a tara shi a kwano da ɗan ruwa, kusan kowane kifi na cinsa. Ga karfasa da kifin da ake ce wa dabis a cikin ciyawar da ruwa ya ci, a tuƙa garin dawa da tauri, kashi uku, a murje da umbaz na gyaɗa, wato tunkuza, kashi ɗaya, a mulmula kamar ƙwayar gujjiya, a sa ƙarƙashin gorar da ke yawo a saman ruwa, a zurfin rabin mita zuwa mita.

A sauya abinci duk minti 15 zuwa 20 ko da ba a taɓa shi ba. Naman da ya yi fari ya gama aikinsa.

Jifa kuwa gajere: mita biyar zuwa goma sha biyar, a ɗan karkata zuwa inda ruwa ya nufa. Kafa sanda a kan gwafa, kanta a sama sosai, don zaren da ke cikin ruwa ya zama kaɗan. Ciyawa ce babbar abokiyar gaba. Tana taruwa a zare har ta ɗaga dalma ta ja ta. Ƙaramin tsinken ashana da aka ɗaura a gicciye mita ɗaya sama da dalma yana tare yawancinta kafin ta gangaro kan ƙugiya. Jan ciyawa a hankali yake, yana ƙaruwa ba yankewa. Cizon tarwaɗa kan fara da girgiza biyu ko uku, sannan ja mai tafiya. Kada a fizga a girgizar farko. A bari zaren ya miƙe, sannan a ɗaga da ƙarfi sau ɗaya, a kuma raba kifin da saiwoyi tun a daƙiƙun farko, don in ya shige su an gama.

Ƙugiya mai gashi

A ƙasashen sanyi akwai masu kamun kifin tirawut a kogunan tsaunuka da ƙwaron ƙarya da aka ɗaura da gashin tsuntsu. A Duwatsun Roki na Amurka, ƙanƙara kan narke a Mayu da Yuni, koguna su cika su yi duhu, kuma abin da gwanayensu ke yi a lokacin bai bambanta da namu ba: su bi gefe, su ƙara nauyi, su ɗaura babba mai baƙin launi. Tirawut ba ya rayuwa a kogin nan, ruwanmu ya yi masa zafi, sai a tuddai irin na Kenya da Bale ta Habasha inda aka kai shi. Amma dabarar na aiki a kan tsage da kawara da zarar ruwa ya fara washewa, daga ƙarshen Satumba, ko a bakin kwari mai haske tun kafin nan.

Ɗauki ƙugiya mai dogon wuya, 1/0. Naɗa siririyar wayar dalma ko ta tagulla sau takwas zuwa goma kusa da ido. Ɗora gashin wuyan zakara guda huɗu, biyu ta kowane gefe, tsawonsu santimita 7 zuwa 9, ka haɗa da siririn yankin takarda mai ƙyalli ta cikin kwalin shayi. Ɗaure da jan zare, ka ɗiga gam a ƙullin. In ruwa na da sauran duhu, baƙin gashi ya fi fari, domin inuwarsa ce ke fitowa idan kifi ya dubo daga ƙasa. Ga tsage dole a sa waya santimita 15 zuwa 20 gaban ƙugiya, in ba haka ba haƙoransa za su yanke nailan a cizon farko. Tun da gashi ba shi da nauyin jifa, a ɗaura 'yar kwalbar roba da aka cika rabi da ruwa mita ɗaya sama da shi. Jefa ƙetaren layin kumfa, ka bar ruwa ya kwaso shi, kana ja kamu-kamu da ɗan tsayawa a tsakani. Bakin tsage ƙashi ne, sai an soka da ƙarfi, kuma in ya yi tsalle a sauke kan sanda ƙasa, zaren na nan a miƙe.

Ga kawara, yanko guntun tsohon silifa mai tsawon santimita biyu, ka ɗaure a bayan ƙugiya lamba 8 da gashi biyu a matsayin ƙafafu. Yana yawo a sama kamar farar da iska ta kaɗo, a jefa shi ƙarƙashin rassan da suka sunkuyo kan ruwa da yamma.

Gaɓar damira ba ta da amana. Ruwa na cin ta ta ƙasa, saman na nan kamar lafiya, sai haddam, wato zaftarewar gaɓa, ya rufta da mutum. In ka ga tsaga a ƙasa tana bin tsawon kogi, ko bishiya ta karkata, koma baya. Kada a shiga ruwan da ba a ganin gindinsa fiye da gwiwa, kada a je da dare shi kaɗai, kuma kada a zauna wuri guda a bakin ruwa kullum ana wanke kifi, domin kada yana lura da al'ada. Macizai da kunamu na hawa tudu da bishiyoyin da ruwa ya kewaye, a duba kafin a dafa reshe. Tsargiya ta fi yawa a kwantaccen ruwa da magudanan gona, dogon takalmin roba ya fi tafiya ba takalmi. In aradu ta fara, a kwantar da sanda, musamman ta kabon. Kusa da madatsa ko gada kuwa, a halin da ƙasa ke ciki, ba a zuwa sai da izinin masu tsaro.

Ƙurungu yana kafe ƙayoyinsa uku idan ya fito, a kama shi ta bayan su, a karya su da filaya kafin ya shiga buhu. Minjirya a yanke zare kawai, kada a taɓa ta da jiƙaƙƙen hannu. Yawancin kifin kogin nan a wannan lokaci yake haihuwa, shi ya sa yake kutsawa cikin kwari da ciyawa. Macen da cikinta ya cika da ƙwai a mayar da ita, haka ƙananan da ba su kai tafin hannu ba, kuma toshe bakin kwari da gidan sauro ɓarna ce da Sarkin Ruwa da dattawan masunta bai kamata su kau da kai a kanta ba. Wanda za a ci, tarwaɗa na daɗewa da rai a jiƙaƙƙen buhu a inuwa. Sauran a feɗe su cikin sa'a guda, a cire hanji da jan naman da ke ƙarƙashin murfin kunne, a shafa gishiri in hanyar gida da nisa.