Yadda Ake Ɗora Launi Hawa-Hawa a Kan Suwed Wajen Zana Namun Daji

Suwed fata ce da aka karce cikinta har ta tashi da ɗan gashi mai laushi irin na karan-miski, amma yawancin masu zane suna aiki ne a kan allon kwali da aka lulluɓe da makamancin wannan gashi, irin wanda masu haɗa firam ɗin hoto ke amfani da shi. Gashin yana riƙe launi, yana kuma tausasa gefen kowane layi, shi ya sa gezar zaki ko jikin barewa ke fitowa a kansa da laushin da takarda ba ta cika bayarwa ba. Sai dai aikin gaba ɗaya ya rataya ne a kan kiyaye wannan gashi, domin da zarar ya kwanta, ko saboda yawan ruwa ko saboda danna fensir, wurin ya daina karɓar launi yadda ya kamata.

A fara da zaɓar allo mai launin da ya yi kusa da jikin dabbar, kamar ruwan ƙasa don damisa ko ruwan toka don giwa, saboda allon da kansa zai ɗauke rabin aikin. Suwed ba ya goguwa, don haka a gama tsara siffar dabbar a kan takarda mai shara-shara, a shafa farin alli a bayanta, sannan a ɗora ta a kan allon a bi layin da hannu marar nauyi.

Hawa na farko shi kaɗai ke buƙatar ruwa, kuma a nan ne ya fi dacewa a natsu. Kirayon mai narkewa a ruwa, irin Neocolor II na kamfanin Caran d'Ache, yana da kaki a cikinsa, saboda haka idan aka goga shi da ƙarfi kai tsaye zai toshe gashin tun ba a je ko'ina ba. Abin da na fi amincewa da shi shi ne a jiƙa buroshi, a matse shi a jikin tsumma har ya zama danshi kawai ya rage, a lakato launin daga bakin kirayon ɗin, sannan a shafa a wuraren inuwa: ƙarƙashin haɓa, cikin kunne, gindin wuya. Ruwan da ya taru wuri guda yana barin shaci idan ya bushe, yana kuma iya lanƙwasa kwalin. Fensir ɗin Inktense na kamfanin Derwent yana da amfani a wannan mataki, domin launinsa kamar tawada yake, wanda aka jiƙa sosai ya bushe ba ya sake motsi. A bar allon ya bushe sarai, sannan a shafe shi a hankali da busasshen buroshi mai laushi don gashin ya miƙe.

Daga nan sai busasshen fensir, daga launi mai duhu zuwa mai haske, da gajerun layuka masu bin inda gashin dabbar ya kwanta. A fuskar damisa, alal misali, gashin kan hanci gajere ne ƙwarai, yana ƙara tsawo yayin da ya nufi kumatu, kuma tilas layin fensir ya bi wannan sauyi. Launuka 3 ko 4 marasa kauri sun fi guda ɗaya mai kauri armashi. Ni dai nakan gama ido da wuri, da baƙin tsakiya da ɗigon haskensa, domin shi ke nuna mini yawan duhun da sauran fuskar za ta ɗauka. A riƙa sa takarda mai santsi a ƙarƙashin hannu, don gumi da maiƙon tafi suna ɓata allon.

Idan an yi kuskure, a manna tef marar danƙo sosai a ɗaga shi a hankali, zai cire wani ɓangare na launin. Gashin baki da sauran wurare masu fari fat su ne na ƙarshe, da farin kirayon da aka fiƙe, a ja shi sau ɗaya ba tare da maimaitawa ba. Feshin da ake yi don kama launi yakan dusashe farin, saboda haka ya fi kyau a sa zanen a firam mai gilashi, tare da barin ɗan rata tsakanin gilashin da fuskar allon.