Yadda Ake Mayar da Kashin Doki Mai Dusar Katako Taki

Masu lambu da dama suna ta tambaya kan sharar barga, wadda kashin doki ya cakuɗe da dusar katakon da ake shimfiɗa wa dawakai. Taki ne mai kyau, in aka bi shi a hankali.

1. Tsince leda, igiya da ƙusoshi daga ciki.

2. Duba dusar. In ta katako mai fenti ce ko wanda aka yi wa maganin gara, kada ka yi amfani da ita.

3. Nemi inuwa, inda ruwa ba ya kwanciya.

4. Tara tsibi hawa-hawa, mai tsayin kamar mita 1.

5. Riƙa sa kashin kaji ko ɗanyar ciyawa tsakanin hawa da hawa. A nan aka fi yin kuskure: katako yana shanye naitirojin, sinadarin da shuka ke buƙata don ganye ya yi kore, kafin ya ruɓe, kashin kaji da ɗanyar ciyawa kuwa su ke ƙara shi. In dusa ta fi kashin yawa, tsibin ba zai yi zafi ba.

6. Yayyafa ruwa. Damƙi kaɗan ka matse. Ya dunƙule amma kada ya yi ta ɗiga.

7. Rufe da tsofaffin buhuna, musamman lokacin hunturu da iska ke busar da komai.

8. Juya shi duk mako 2, na gefe ya koma tsakiya. Zafin ciki ne ke kashe ƙwayar ciyawa.

9. Jira ya yi baƙi, ya huce, warin fitsari ya tafi. Yakan kai wata 6.

Hattara: kada ka binne shi ɗanye a gindin latas ko alayyahu, ganye zai yi ɗorawa.

10. Gauraya shi da ƙasar kwami kafin dashe.