Masu aikin kanku, ku ware kuɗin haraji tun yanzu

'Yan uwa masu zane a kwamfuta, ɗaukar hoto, fassara da makamantansu, ga abin da ya rage min ciwon kai a nan Kano.

Na buɗe asusu na biyu a banki. Duk kuɗin aikin da ya shigo, kafin in taɓa ko sisi, sai in tura kashi 10 cikin ɗari can, in yi kamar babu shi. Mu ba 'yan albashi ba ne balle a cire mana duk wata. Da kanmu za mu kai wa hukumar tara haraji ta jiha bayanin abin da muka samu, kafin ƙarshen Maris.

A sabuwar dokar da ta fara aiki a Janairun 2026, naira 800,000 na farko a shekara babu haraji a kai, daga nan zuwa miliyan 3 kashi 15 ne. Riba ake dubawa, don haka rasit ɗin data, man janareta da gyaran kwamfuta duk ku ɗauke su hoto. 'Yar takardar POS ɗin nan, wata biyu rubutun ya goge tas. Mai zaman haya ma ya karɓi rasit, ana cire masa kashi 20 na kuɗin hayar daga kuɗin da za a lissafa haraji a kai, iyaka naira 500,000.

In kamfani ya zaftare haraji kafin ya biya ku, ku karɓi takardar shaida nan take. Ni na yi sakaci bara, har yau ina sintiri a kan tawa.