Kurakuran da Ake Yi Idan Kyanwa Ta Yi Amai Bayan Cin Abinci

Kuskuren da ke haifar da sauran shi ne a ɗauka duk abin da ya fito daga bakin kyanwa amai ne. Akwai amai, akwai tumbuɗi. Idan ta gama ci, ba a jima ba ta sunkuyar da kai abincin ya zubo a dunƙule, a miƙe kamar tsinken rake, bai narke ba, kuma ba ta yi kakari ba, wannan tumbuɗi ne irin na jariri: abincin bai zauna a ciki ba, daga maƙoshi ya dawo. Amai na gaske kuwa sai ka ga tana lasar baki, yawu na dalala, cikin yana bugawa, sannan abin ya fito da kumfa ko ruwa mai ruwan ɗorawa. Likitan dabbobi zai fara tambayarka wanne ne, don haka ka tsaya ka kalla kafin ka ruga neman tsumma. In da hali ma ka ɗauki bidiyo da wayarka.

Tumbuɗi yawanci haɗama ce. Cikin kyanwa ƙarami ne, halittarta ta ci kaɗan-kaɗan sau da yawa. Mai ita kuma sai ya cika kwano sau ɗaya, ita ta taso da yunwar yini guda ta haɗiye ba tauna. Busasshen abinci yana ƙara kumbura idan ya jiƙa a ciki. Maganin wannan ba ya cin ko sisi: raba abincin gida huɗu ko biyar, ka baza shi a faffaɗan faranti yadda dole ta tsinta ɗaya-ɗaya. Idan kyanwoyi biyu ne, raba musu wurin ci, domin mai tsoron a ƙwace mata ita ce ke gaggawa. Abincin da ya fito daga firji kuma a bari ya huce sanyi.

Sai sauya abinci dare ɗaya. Ana haɗa sabo da tsoho ne, ana ƙara sabon a hankali tsawon kwana 7 zuwa 10. Madara ma, duk da yadda ake haɗa ta da mage, yawancin manyan kyanwoyi ba sa iya narkar da sukarin cikinta. Ragowar abincin mutane mai albasa ko tafarnuwa ya fi haka muni, yana lalata musu jini.

Kuskuren da na fi jin tsoro shi ne buɗe akwatin maganin gida. Farasitamol guba ne ga kyanwa, hantarta ba ta iya sarrafa shi, ƙwaya ɗaya tak na iya kashe ta. Kada a ba ta wani maganin mutum sai likita ya ce. Haka nan hana ta abinci da sunan hutar da ciki: 'yan sa'o'i babu laifi, amma kyanwar da ta yi kwana 2 ko 3 ba ta ci ba, musamman mai ƙiba, kitse na iya taruwa a hantarta, ciwon da ya fi aman haɗari nesa ba kusa ba. Ruwa kuwa ba a ɗauke mata shi.

Wasu kuma sun saba, sai su ce ai halinta ne, ko gashin da take lasa ne. Gashi yana jawo amai, taje ta da buroshi yana rage shi. Amma amai kowane mako ba hali ba ne. A 'yar ƙarama a duba tsutsar ciki. A tsohuwa, idan tana ci sosai amma tana ramewa, ko tana yawan shan ruwa da fitsari, a gwada jini, ƙoda ko ƙululun wuya mai sarrafa ƙarfin jiki na iya zama sanadi.

Kada a kwana ana jira idan aman ya maimaitu sau da yawa a yini guda, ko da jini a ciki, ko ko ruwa ba ya zama, ko ta lafe ta ƙi motsi. Idan kuma ka ga zare yana leƙowa daga bakinta ko duburarta, kada ka ja, zai iya yanka hanji. Ka bar shi yadda yake ka kai ta asibitin dabbobi.