Yadda ake canza suwic ɗin kibod zuwa masu kilik

In kana cikin masu son jin ƙas-ƙas duk sanda yatsa ya sauka kan madanni, suwic masu kilik kake nema (suwic shi ne ɗan abin da yake ƙarƙashin kowane madanni, wanda yake aika harafi in ka danna), kuma ba lallai sai ka sayi sabon kibod ba. Amma fa kafin ka yi odar komai fara duba naka tukunna, dan a nan mutane da yawa suke asarar kuɗinsu.

Duba kwalin ko bayanin kibod ɗin, ka ga ko an rubuta hot-swap. In an rubuta, ma'ana suwic ɗin a soket suke zaune, ana zarewa a mayar ba tare da an taɓa dalma ba. In babu, kuma kibod ɗin mai suwic ne, to galibi liƙe suke da dalma a jikin allon lantarkin da yake cikin kibod ɗin, kana ja da ƙarfi zaka ɓalle shi ne kawai, wannan aikin mai gyara ne. Sannan wasu kibod masu araha soket ɗinsu na kamfanin Outemu ne, raminsa matsattse, ƙafafun ƙarfen suwic na kamfanin Cherry ko Gateron basa shiga da daɗi. Masu aiki da haske kuma, waɗanda ake rubuta optical a jikinsu, sam basa karɓar suwic na yau da kullum.

Sai zaɓen suwic, kuma nan ne ya kamata ka nutsu. Duk masu kilik ba ƙara ɗaya suke ba, gini biyu ne aka fi samu. Na farko shi ne irin na Cherry MX Blue, na kamfanin Cherry na Jamus, wanda Gateron da Outemu da sauransu suka kwaikwaya. A cikinsa akwai wata 'yar farar roba da take zagaye da sandar suwic ɗin, in ka danna sai ta suɓuce ta faɗa ƙasa, faɗawar nan ita ce ƙarar da kake ji. Yana kamawa, wato harafi ya fito, a wajen milimita 2.2 cikin milimita 4 na zurfinsa. Matsalarsa ƙarar tana zuwa da ɗan kwaramniya, kuma sai ka saki madannin ya hau sama fiye da inda ya kama kafin robar ta koma mazauninta, shi yasa masu gem da suke danna madanni ɗaya da sauri-sauri basa shiri da shi. Cherry MX Green ginin ɗaya ne, sifirin ɗinsa ne kawai ya fi tauri.

Na biyu kuma irin na Kailh Box ne, babu robar nan, wata siririyar waya ce ta ƙarfe a kwance a ciki, sandar ta ture ta sai ta dawo ta bugi jikin suwic ɗin, tas. Kuma sau biyu take ƙara, a sauka da kuma a tashi. Box White wayarsa siririya ce, ƙararsa a tsaye take ba hayaniya. Box Jade wayar ta fi kauri, Box Navy kaurin ɗaya ne amma da sifirin mai nauyi, in ba ka saba ba yatsu zasu gaya maka kafin yamma. Ni dai a ganina mai waya ya fi mai roba nesa ba kusa ba, kuma wanda zai fara ya fara da White. In zaka iya samun ɗan allon gwaji mai suwic kala-kala ka danna da hannunka, ya fi sauraron bidiyo, dan makirfo yana canza sauti sosai.

Ƙirga madannanka. Cikakken kibod galibi 104 ne, wanda babu ɓangaren lambobi 87, ƙaramin nan 61. Ƙara kamar guda 5 a kai saboda wasu zasu lanƙwashe. Ka kuma duba ƙafafu, akwai mai 3 akwai mai 5, in allonka mai rami 3 ne kuma ka sayi mai 5 ba damuwa, ƙarin biyun roba ne, yanke su kawai da abin yankan farce.

Yanzu aiki. Cire kebul ko ka kashe shi in mara waya ne, ɗauki hoton kibod ɗin da waya dan kar ka manta mazaunin kowane harafi, sai ka cire hulunan madannan da abin cirewa. Kowane suwic yana da 'yan maƙalai biyu, sama da ƙasa, matse su da abin cire suwic ka ja sama a miƙe, kar ka murɗa.

Wajen sakawa ne ake ɓarna. Kalli ƙafafun ƙarfen nan biyu ka tabbatar a miƙe suke, daidaita su da ramukan soket, ka danna a hankali har ka ji ya zauna. In ka ji ya cije kar ka matsa da ƙarfi, fito da shi ka duba, dan tura shi dole yana iya ɓalle soket ɗin daga bayan allo kuma wannan sai an koma ga dalma. Wani abu kuma, kar ka ga ana shafa wa suwic mai a intanet kaima ka ɗauko. Wancan na marasa ƙara ne, in mai ya taɓa robar MX Blue ko wayar Kailh ƙarar takan dushe ko ta mutu gaba ɗaya.

Kafin ka mayar da huluna, jona kibod ɗin ka buɗe inda ake rubutu ka bi madannan ɗaya bayan ɗaya. Wanda ya yi ƙara amma harafi bai fito ba, kusan kullum ƙafa ce ta lanƙwashe a ƙarƙashi, zare shi ka miƙar da ita da hantsaki ka mayar. In ya ƙi duk da haka saka ɗaya daga cikin rarar da ka saya, sannan ka bi hoton nan ka jera hulunan.