Yadda za ka horar da ma'aikatan asibiti kan masu taɓin hankali da ke shaye-shaye

Idan aka ba ka aikin horar da nas-nas ko ƙananan likitoci kan wannan matsalar, don Allah kar ka fara da doguwar lacca. Fara koya musu yadda ake tambaya. Nan ake yawan kuskure, mutum ya zo da rashin barci ko yana jin muryoyi, a rubuta masa magani ya tafi ba wanda ya tambaye shi me yake sha, in ma an tambaya to da ɗaure fuska ne a gaban mahaifiyarsa, wa zai faɗi gaskiya a haka?

Raba su biyu-biyu, ɗaya mara lafiya ɗaya ma'aikaci. Hana su cewa "kana shaye-shaye ne?", su koma "mutane da yawa in barci ya ƙi zuwa sukan nemi abin da zai taimaka, kai me ka taɓa gwadawa?" Su yi ta maimaitawa har bakinsu ya saba, ni dai nan na fi ba lokaci. Sai ka kawo musu takardun tantance shaye-shaye, AUDIT, tambayoyi 10 ne kan giya, da ASSIST da ya haɗa har wiwi da ƙwayoyi. Akwai kuma mhGAP, jagorar kula da lafiyar ƙwaƙwalwa da Hukumar Lafiya ta Duniya (WHO) ta fitar a 2010, dama don waɗanda ba likitocin ƙwaƙwalwa ba aka yi ta.

Daga nan sai abubuwan da ke iya kisa. Wanda ya saba giya kullum in ya bari farat ɗaya, karkarwa da gumi kan fara cikin awa 6 zuwa 24, mummunan ruɗewa kuma bayan kwana 2 ko 3. Diazepam, maganin kwantar da hankali, shi ma ba a barin sa farat ɗaya, a hankali ake rage shi. Tramadol na jawo jijjiga, haɗa shi da fluoxetine, maganin ciwon damuwa, hatsari ne. Mai shan clozapine, wani maganin taɓin hankali, in ya bar sigari maganin yana ƙaruwa a jininsa, dole likita ya sake dubawa. Kowa ya riƙe allurar naloxone da hannunsa, wato wadda ake farfaɗo da wanda ƙwayoyi irin su tramadol suka yi wa yawa da ita, ya san inda ake ajiye ta.

Abin da ya fi min ciwo shi ne a ce wa mutum "je ka daina sha tukuna ka dawo". Ba zai dawo ba. Tare ake kula da taɓin hankalin da shaye-shayen, ko ya koma ruwa a karɓe shi ba gori.

Bayan wata ɗaya ka koma wajensu, ka buɗe fayil goma ka ga a nawa aka rubuta an yi tambayar.