Yadda ake tsabtace ruwan ajiya a Yamai: bido, tono, randa da tanki

Ruwan pampon Yamai daga kogin Isa ake ɗauko shi, a tace shi a tashoshin Gudel da Yantala, a sa masa kulorin, maganin kashe ƙwayoyin cuta, kafin a sako shi cikin bututu. Amma sau da yawa ƙazantar da ke kawo zawo da taifot a gida take shiga, cikin abin da aka tara ruwan. Daga Maris zuwa Mayu, lokacin da zafi ke wuce digiri 40 kuma unguwannin gefen gari ba sa ganin ruwa sai tsakar dare, kowa tarawa yake yi. Kulorin kuwa ba ya jure zafi: kwana ɗaya ko biyu a tono, ya gudu.

A fara da ruwan farko. In pampo ya jima a ƙafe, bututun da babu komai ciki yana tsotso ruwan datti ta inda ya tsage. In ruwa ya dawo, a bar shi ya zuba cikin bokiti har ya yi fari. Wannan na ban-ɗaki ne da yayyafin tsakar gida, ba na randa ba.

Sai wankin mazubi, inda aka fi sakaci. Bidon ga-ruwa bakinsa ƙarami ne, hannu ba ya shiga, santsin nan da ke lafe a jikinsa kuma shi ne gidan ƙwayoyin cuta. A zuba tsakuwa cikin hannu ɗaya, ɗan omo da ruwa lita 2, a rufe, a girgiza sosai, a ɗauraye sau uku. Tono da tanki a goge su da buroshi mai tauri, a kwashe lakar ƙasa tas. Bayan haka a haɗa ruwan jabel, wato ruwan kulorin na shago, mai ƙarfin 2,6% mililita 80, kusan ƙaramin kofin shayi, cikin ruwa lita 10. A jiƙe ciki duka har da murfi, a bari minti 30, a ɗauraye. Bido da randa kowane mako, tanki duk wata shida. Kada kowa ya shiga cikin tanki shi kaɗai, warin jabel a rufaffen wuri yana shaƙe mutum. Tonon da ya taɓa ɗaukar maganin ƙwari ko man fetur, babu wankin da zai mai da shi na ruwan sha.

Awon jabel ɗin da ake sa wa ruwan sha ya fi wancan ƙanƙanta nesa ba kusa ba, kuma da sirinji ake yinsa, ba da ido ba. Da jabel mai 2,6%: mililita 1,5 ga bido mai lita 20, mililita 2 ga mai lita 25, mililita 15 ga tono mai lita 200, mililita 75 ga tanki mai lita 1000. A duba kwalba da kyau. In an rubuta 9,6%, mai kauri ne, sai a haɗa kashi ɗaya da ruwa kashi uku tukuna. Mai turare ko mai sabulu na wanki ne kawai. Wanda ya fi son ƙwayar kulorin ta Aquatabs, mai miligiram 67 guda ɗaya ta ishi lita 20 na ruwa garau.

A motsa, a rufe, a jira minti 30. Hanci ne alƙali: ya kamata a ji ɗan warin kulorin kaɗan. In babu, ko dai ruwan ya cinye maganin, ko jabel ɗin ya mutu, domin kwalbar da ta sha rana a gaban shago ƙarfinta raguwa yake yi. A sake sa awo ɗaya, a ƙara jira. Ruwan pampon da aka tara yau, mai warinsa, ba ya bukatar ƙari.

Ruwa mai gurɓi, irin na rijiya ko na damina lokacin da kogi ya yi ja, laka ce ke shanye kulorin kafin ya kai ga ƙwayar cuta. A bar shi ya kwanta, ko a juya ɗan alif a ciki, a tsiyaye na sama ta ƙyalle mai tsabta, sannan a ninka awon jabel sau biyu. Mutane da yawa suna tsayawa a alif don sun ga ruwa ya yi fari. Alif kwantar da laka yake yi, ba ya kashe komai.

Randa tana sanyaya ruwa, amma moɗa ce matsalarta. Moɗar da yaro ya sha da ita, ta faɗi ƙasa, aka mayar ciki, ta rushe duk aikin da aka yi. A sami ludayi mai dogon hannu a rataye shi a ƙusa, kofin sha ya zama daban, faifai ko murfi kullum a kai. Murfin nan kuma shi ke hana sauro yin ƙwai. Tanki fari mai shigar da haske yana yin gansakuka, a shafa masa fenti mai duhu a waje ko a yi masa rumfa.

Kada a taɓa haɗa jabel da asid ɗin wanke masai, iskar da ke tashi guba ce. A ajiye kwalbar a inuwa, sama, inda hannun yara ba ya kaiwa, kuma ba a cikin gorar lemo ba.